Dawakin yumɓu: wasan yaƙi da tarbiyyar yaro

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin iyaye da malaman makaranta, har yau kuma ba a tsaya kan amsa guda ba: yaron da ya tashi yana wasan yaƙi, yaƙin yake koyo, ko kuwa wasa ne kurum wanda zai bari in ya girma? A shekarun baya tambayar ba ta hana kowa barci. Yau al'amari ya sake. Tun daga shekarar 2019 dubban mutane suka ƙetaro iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun shigo garuruwanmu na bakin iyaka. A irin wannan zamani, uban da ya ga ɗansa ya jera dawakin yumɓu sahu biyu yana kwaikwayon ƙarar bindiga da baki, ba za a ce ya yi wauta ba in gabansa ya faɗi.

Ina so mu leƙa wannan tambaya ta wata ƴar ƙaramar kafa, wato ƙananan dabbobin nan da ake ginawa, a shafa masu launi, a kai su fagen daga na wasa. Yaranmu suna yi da yumɓu da kara. A Turai manyan mutane da gemunsu suna yi da dalma da roba. Ra'ayina shi ne, kafin mu yanke wa wasan hukunci sai mun san wanda ya gina dokin, da kuma abin da yake rasawa in dokin ya karye.

Yadda ake gina doki

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukan Agye ko Gazawa ko bakin Gulbin Maraɗi ya san lokacin. Ruwa ya ɗauke, tabkuna sun fara ja da baya, yumɓu ya fito fili yana tsattsagewa, ga kara jibge a gonaki bayan girbi. Yara sukan ɗebo yumɓun, ko su fasa tsohon suri su jiƙa ƙasarsa, su yi ta cuɗawa har ya yi laushi ya daina manne wa yatsa. Mai wayo yakan zuba ɗan ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki, yadda ya ga magina suna yi, don kada ginin ya tsage. Da gangar jiki ake farawa, a ja wuya, a matse kai, sannan a zo ga ƙafafu, waɗanda su ne wurin wuya: in sun yi siriri sai su lanƙwashe, in sun yi kauri sai doki ya koma turmi. Shi ya sa ake soka tsinke cikin kowace ƙafa ya zama ƙashi. Ba a shanya shi a tsakar rana, sai a inuwa, kwana biyu ko uku. Yaron da ya yi gaggawa yakan wayi gari ya tarar ingarmansa ya rabu biyu.

In doki ya bushe sai ado. Farar ƙasa ta ba da kili, gawayi ya ba da akawal, jar ƙasa da toka da ɗan bula da aka roƙo wurin inna su ba da sauran. Ƙaro shi ne abin manni. Da totuwar kara ake yin mahayi, ƙayar aduwa ta zama mashi, guntuwar sakaina ta zama garkuwa, tsumma da ƴar auduga su zama lifidi. Sa yana samun tozonsa da ƙahoni, kuma yaro ba ya haɗa dogayen ƙahonin jan san Bororo da gajerun na Azawak. Raƙumi ya fi kowa wahala saboda tsawon wuyansa.

A lura da abin da wannan aiki yake nema ga yaro. Ba zai gina doki ba sai ya tsaya ya kalli doki: inda gwiwar baya take karyewa, yadda kunne yake tsayuwa, inda sirdi yake zama, inda likkafa take sauka. Harshen Hausa ya tanadi suna ga kowane launin doki, akwai kili da akawal da danda da bidi da hurde da gunya, kuma da yawa daga cikinmu a bakin tabki muka fara jin waɗannan sunaye, wurin gardamar wane ne ya yi kama da na sarki. Kallo, da haƙuri, da sanin sunan abu: wace makaranta ce za ta raina waɗannan uku?

Me ya sa kuma doki, ba garma ko rumbu ba? Domin ƙasar nan a bayan doki ta kafu. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi, sarautar Katsinawa ta zauna a Maraɗi a farkon ƙarni na 19. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka kwanta dama, bayansa kuma Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Daga nan har zuwan Turawa, barade da ƴan lifida su ne garun waɗannan birane, sunayen Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau ba su ɓace a bakin makaɗa ba, kuma kowace salla yara suna ganin sauran wannan duniya a wurin hawa. Dokin yumɓu tarihi ne da ya sauko hannun yaro.

Wasan nan a wata ƙasa

Wanda bai sani ba zai yi mamaki in ya ji cewa a Ingila da Faransa da Amurka akwai likitoci da malamai da direbobi waɗanda suke kwana kan wannan aiki. Wani kamfani mai suna Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma daga cibiyarsa ta Nottingham yake sayar wa duniya ƙananan mayaƙa da dabbobinsu: dawaki, kyarketai, giwayen yaƙi, da dodannin da ba a taɓa gani ba. Tsawon mutum ɗaya wajen santimita 3 ne. Ba a haɗe suke zuwa ba. Mai saye zai yanko kowane gaɓa daga jikin firam na roba, ya kankare layin da injin zubi ya bari, ya manna kai da wuya da ƙafa, ya fesa fentin fari na share fage. Sannan ya ɗauki burushi mai baki kamar allura ya shafa launin asali, ya zuba wani tsinkakken baƙi ya gangara cikin lunguna ya fito da inuwa, ya bi tudun tsoka da launi mai haske, ya ɗiga ido. A ƙarshe ya manna yashi da ciyawar roba a gindin. Doki guda yana iya cin dare biyu, runduna ta ci shekara. In an gama sai a shimfiɗa tebur mai tuddai da itatuwa, mutum biyu su ja daga, suna auna tafiyar kowace dabba da ma'auni, suna jefa ƴar ƙwaya mai fuska shida irin ta lido don sanin wanda ya faɗi.

Bambancin kuɗi tsakanin wannan da yumɓun tabki ba ya misaltuwa. Amma aikin ɗaya ne: haɗawa, shafa launi, ja daga, bin doka. Asalinsa ma ya girmi Turai. Wasan da Larabawa suke kira shaɗaranj ya fito daga Indiya wajen ƙarni na 6, kuma tsohon sunansa yana nufin sassa huɗu na runduna: giwaye, dawaki, karusai da dakaru. Dokin yana nan har yau a kan allo. Giwar kuwa, wadda Larabawa suke cewa al-fil, ta riƙe sunanta a bakin mutanen Sifen, amma a Faransanci ta rikiɗe ta zama wawan sarki. Ke nan tun da daɗewa ɗan Adam yake rage girman yaƙi ya ɗora shi a gabansa yana juyawa.

Hujjar masu tsoro

Masu tsoron wannan wasa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da hannu ya saba da shi zuciya ba ta ƙyamarsa. Yaron da ya kashe mayaƙan kara dubu yana dariya, ranar da aka miƙa masa ta gaske ba zai ji baƙunta ba.

Tarihi ma ya ba su shaida. A ƙasar Furusiya, wadda daga baya ta haɗa kan Jamus, wani mai suna Reisswitz ya miƙa wa sarki wani wasan yaƙi na tebur a 1812. Ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara shi ya buga dokokinsa a 1824: taswira ta gaske, runduna ja da runduna shuɗiya, alƙali a tsakani, kowane motsi yana daidai da minti biyu na fagen fama. Da babban hafsan hafsoshi Müffling ya gani, sai ya ce wannan ai ya wuce wasa, horon yaƙi ne, ya sa aka yaɗa shi cikin rundunoni. Bayan da Furusiya ta karya Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin ƙasashe da dama suka ɗauki wasan. Ga wasa nan da ya koyar da kisa, ba da kuskure ba, da niyya.

Akwai kuma hujja ta uku wadda ta fi waɗannan zurfi. Rage girman mutum shi ne matakin farko na zalunci. Mai mulkin da yake kallon jama'a daga sama, yana ganinsu ƙanana kamar ƴaƴan dara, ba ya jin ciwo in an cinye goma. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙona garuruwa, har ya ƙare a Dankori da Maijirgi, nan kusa da Tasawa. Kafin sojan farko ya taka ƙasarmu, an riga an ja layin tafiyar a kan taswira a Turai, inda gari guda da rijiyoyinsa da matansa da yaransa bai wuce ɗigon alƙalami ba. Yau ma mai tuƙa jirgi maras matuƙi yana ganin mutane a kan allo ba su kai ƙwayar gero ba. To, ashe wasan da yake mayar da doki da mahayinsa abin da ake ɗauka da yatsa biyu ba wannan ido yake koyarwa ba?

Ido biyu

A nan ne nake ganin ya kamata mu rarrabe, domin ƙaramin abu ido biyu ake kallonsa da shi. Akwai idon mai ƙirga, akwai idon mai gini.

Mu koma ga wasan Reisswitz. Babu doki a cikinsa, babu fuska. Gutsattsarin dalma ne masu kusurwa huɗu, kowanne yana wakiltar ƙungiyar sojoji. An cire masu kai da ƙafa da gangan, don hafsa ya iya lissafi ba tare da wani abu ya tsaya masa a rai ba. Wannan shi ne idon mai ƙirga: yana ja da baya har bambanci ya ɓace, kowa ya zama adadi. Mai gini kuwa matsowa yake yi. Yana sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa dokin, yana neman inda zai sa ɗan fari a goshi. A wurinsa babu dawaki ashirin, akwai dandan da ƙafarsa ta ba shi wahala, da akawal ɗin da ya fi so, da goɗiyar da ƙanensa ya taka aka gyara. Ƙanƙantar abin ita ta tilasta masa lura.

Daga wannan lura ake samun darasin da babu littafin da yake koyar da shi yadda yumɓu yake yi: gini yana cin kwana uku, rushewa ƙiftawar ido ce. In yara suka ja daga suna jifar rundunar juna da tsakuwa ko ƙwallon goruba, murna tana tashi, ihu yana tashi. Amma in ƙura ta lafa, kowa sai ya tsuguna yana tsintar guntaye. Wanda ya ci da wanda aka ci duka sun yi asara, kuma kowannensu ya san farashin abin da ya karye, tun da hannunsa ya biya. Sau nawa muka ga yaro ya janye dokin da ya fi ƙauna ya ɓoye a aljihu, ya ƙi sa shi a gaba? Wannan ɗan jinkiri da ya yi, shi ne farkon hankali. Magabata da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki mutane ne da suka san kuɗin doki da kuɗin lifidi, suka kuma san yawan waɗanda ba su dawo ba.

Marubucin nan na Ingila H. G. Wells, wanda aka sani da ƙin yaƙi, ya buga wani ɗan littafi a 1913 mai suna Little Wars, inda ya tsara dokokin wasa da sojojin dalma da ƴar igwa mai harba guntun icce. Ya kare kansa da cewa duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau uku ko huɗu zai gane irin shirmen da babban yaƙi yake. Shekara guda bayan haka Turai ta kama da wuta. Littafin bai hana kome ba, kuma wannan ya isa ya hana mu cika baki: wasa ba laya ba ne. Sai dai waɗanda suka kunna wutar 1914 ba a ɗakin wasan yara suka tsara ta ba, a ofisoshin hafsoshi ne, gaban taswira da jadawalin jiragen ƙasa, da idon mai ƙirga.

Akwai wani abu kuma. Ba a wasan yaƙi da mutum ɗaya. Kana bukatar abokin gaba, kuma kana bukatar ya dawo gobe. Saboda haka dole a yi doka: daga ina ake jifa, sau nawa, wane ne ya mutu, wane ne ya ji rauni kawai. Masanin tarihin nan na Holan, Huizinga, ya nuna a littafinsa na 1938 cewa kowane wasa yana da iyakar wuri da iyakar lokaci da dokar da ƴan wasa suka ɗora wa kansu, kuma sun fi jin haushin mai watsa wasa bisa ga mai maguɗi. Yaranmu sun san haka ba tare da sun karanta shi ba. Wanda ya fusata ya tattake rundunar abokinsa da ƙafa, gobe ba mai kiransa. Abin da yake addabar ƙauyukanmu na iyaka a yau kishiyar wannan ne: hari cikin dare, kan wanda ba shi da makami, babu doka, babu alƙali, babu gobe. Ɗan bindiga mai watsa wasa ne.

Kakanninmu sun fahimci wannan sirri har suka gina zaman tare a kansa. Mene ne wasan taubasai tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Ba'are da Bafillace, ko Bafillace da Babarbare, in ba faɗa ne da aka sa wa linzami ba? Ana zagi, ana cin tara, ana iƙirarin wane bawan wane ne, amma ba a zub da jini. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam. Haka wasan kara da samari suke yi bayan girbi, su naɗa sarki da gwamna da soja, su rataya bindigogin kara, su yi wa masu iko ba'a a gaban jama'a. Al'ummar da ta san yadda ake mayar da faɗa wasa ba ta da dalilin tsoron dokin yumɓu.

Inda tsoro ya kamata ya koma

In akwai abin tsoro, yana wurin wasan da aka raba da gini. Marubucin Faransa Roland Barthes ya koka a 1957 cewa kayan wasan kanti suna miƙa wa yaro duniyar manya a gama, da sojanta da asibitinta, sai ya zama mai amfani da abu, ba mai ƙirƙira ba. Abin da ya hango ya iso kasuwanninmu. Bindigar robar da ake saya wa yaro da salla ba ta nemi ya kalli kome ba, ba ta koya masa sunan kome ba, abu ɗaya ta iya: a nuna mutum a danna. Wasannin harbi na wayar hannu, irin su Free Fire da PUBG, sun ƙara gaba. Mutuwa a cikinsu ba ta da farashi. Wanda aka harbe yana ɓacewa, babu guntayen da za a tsinta, a danna a sake sabon zagaye. Ba na cewa duk mai buga su zai ɗauki makami. Miliyoyin yara suna bugawa su tashi lafiya. Abin da nake cewa shi ne, an ɗauke wa yaron rabin darasi. An bar masa daɗin rushewa, an cire masa ciwon asara.

Har yumɓun kansa yana ba da labarin zamani. Malaman da suke aiki a ƙauye sun ga yadda babur da bindiga suka fara zama kusa da doki da sa a hannun yara. Kada mu yi saurin tsawatawa. Yaro abin da ya gani ko ya ji yake ginawa, kuma wanda ya kwana a daji yana gudun hari yana bukatar ya mayar da abin da ya firgita shi ƙarami, ya riƙe shi a tafin hannu, ya ga cewa yana iya kayar da shi. Hana shi ba zai goge abin da ya gani ba, sai dai ya kulle shi a ciki.

Dabba ba ta da ɓangare

Me ya sa na nace kan dabbobi, ban tsaya ga mayaƙa ba? Domin dabba ita ce mai shaida a kowane yaƙi. Doki bai san Gobir ba, bai san Sakkwato ba. An ɗaura masa sirdi, an sa masa ƙaimi, ya shiga cikin masu ba don ya ƙi kowa ba. A yaƙin duniya na farko miliyoyin dawaki da alfadarai suka mutu, har a 2004 aka gina masu abin tunawa a Landan. Yaron da ya gina dokinsa ya kuma taya abokinsa gina na abokan gaba, da yumɓu ɗaya daga tabki ɗaya, ya taɓa wata gaskiya da hannunsa: abin da ke ƙarƙashin jan lifidi da baƙin lifidi ƙasa ɗaya ce.

Sa kuwa ya fi doki kusa da ciwonmu. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da Taron Ƙasa yake zaune a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ya ci rayukan mutane fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na makiyaya. Ɗan manomi da ɗan makiyayi duka suna gina shanun yumɓu, sau da yawa a bakin tabki guda. Ɗan makiyayi ya fi iya ƙaho, ɗan manomi ya fi iya amalanke. Ban ce wannan zai raba gardamar burtali da gona ba. Wannan aikin hukuma ne da sarakuna. Amma wanda ya taɓa zama ya koyi lanƙwasa ƙaho daga hannun ɗan Fulani, da wuya a gamsar da shi cewa mutanen ruga adadi ne kawai.

Batun sura

Wani zai ce, duk wannan mun ji, amma ina hukuncin yin surar abu mai rai? Tambaya ce ta gaskiya, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da ɗalibi zai iya tunatarwa shi ne, ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa cikin kayan wasanta akwai doki mai fukafukai, da aka tambaye ta sai ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimana, Manzo ya yi dariya. Bisa wannan ne malamai da yawa, cikinsu har da Alƙali Iyal na mazhabar Malikiyya, suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. Abin lura a nan, dabbar da ta zo cikin ruwayar doki ce.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ba sai mun jira kuɗi daga waje ba, yumɓu kyauta ne. A darasin ayyukan hannu, ko a gidajen matasa lokacin hutu, ana iya dawo da wannan gini da sharuɗɗa kaɗan. Kowane yaro ya gina wa ɓangarori biyu, kada a bar shi ya gina nasa kawai. A sa su nemo sunayen launin doki da na kayan doki wurin tsofaffi da barorin sarki, su rubuta da Hausa, su nemi takwarorinsu da Faransanci, su gane da kansu inda kowane harshe ya fi ɗan uwansa wadata. Su tsara dokar wasan da bakinsu, su zaɓi alƙali a cikinsu. Kada fagen ya zama na barade kaɗai: a gina rumbu da rijiya da jaki da jar akuya da mace mai daka, a ajiye su a tsakiya, domin a kansu yaƙi yake faɗuwa. In an tashi wasa kuma, kada kowa ya tafi sai an ƙirga abin da ya karye, an faɗi wanda ya gina shi da kwanakin da ya ci, sannan waɗanda suka yi nasara su taya waɗanda aka ci gyara.

Ba za mu iya ɓoye wa yaranmu cewa akwai yaƙi ba. Wasunsu sun fi mu saninsa. Abin da yake hannunmu shi ne irin idon da za su kalle shi da shi. Yaron da ya saba sunkuyawa kan ƙaramin abu har ya ga fuskarsa, ya kuma ɗanɗani zafin ganin aikin kwana uku ya zama gari, muna da dalilin fatan cewa ranar da ya girma aka ce masa mutanen wancan ƙauye ba kome ba ne, zai yi irin jinkirin nan da ya yi sa'ad da ya mayar da dokinsa aljihu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya.